Alipay ya ƙi haɗuwa da katina a Guangzhou, ku taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwanana huɗu a Guangzhou, na sauka a unguwar Xiaobei, kuma wannan ne zuwana na farko ƙasar Sin. Abin da ya sha mini kai shi ne biyan kuɗi. A nan kusan kowa da waya yake biya, har mai sayar da lemo a bakin titi yana da lambar QR a rataye.

Na sauke Alipay, manhajar biyan kuɗi ta waya, na saka fasfo, ya amince. Da na zo haɗa katina na dala, sai banki ya tura lambar sirri zuwa layina na gida, layin kuwa ba ya kama sabis a nan. Sau biyar ina gwadawa, shiru.

Jiya a kasuwar Baima na daidaita da wata mata kan dogayen riguna 40. Na miƙa mata takardun yuan 100, ta riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana dubawa, canjin ma sai da ta zagaya shaguna uku. Kuɗin hannuna sun kusa ƙarewa, rabin saƙon mutane ban saya ba.

Shin banki na iya turo lambar ta imel? Ko WeChat Pay ya fi sauƙi? Wani a otal ɗinmu ya ce in ba shi dala ya turo mini yuan, amma hankalina bai kwanta ba.

Litinin jirgina zai tashi, kuma ina so in samu Juma'a a masallacin Huaisheng da hankali kwance. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mini yadda ya yi.