Kwana 16 kafin a ga likita: in kai Mama kantin magani ko in jira?

Uwar Tagwaye

Assalamu alaikum. A yi haƙuri da tsawon rubutun, raina ne a ɓace.

Yau kwana uku ke nan ina nema wa mahaifiyata lokacin ganin likita. Ƙarfe takwas asibitin ke buɗe layin waya, ni kuwa tun takwas saura biyar nake riƙe da wayar, yatsana a kan lambar. Ranar Litinin na shiga ina ta 23 a layi. Na ajiye wayar a gefe ina shirya yara, wani ɗan kiɗa yana ta maimaita kansa har tagwayen suka haddace shi. Bayan minti 40 aka ɗaga, aka ce guraben yau sun cika, in sake kira gobe. Ranar Talata layin ya katse ina ta huɗu. Yau aka ɗaga, matar ta ce akwai gurbi nan da kwana 16. Na karɓa, da babu gara ba daɗi.

Mama shekararta 68, tana da hawan jini, ƙwaya ɗaya take sha kullum da safe. Tun ranar Asabar take kukan zafi a haƙarƙarinta na dama, ta ce kamar an ɗora mata garwashi, ko riga ta taɓa wurin sai ta zabura. Na duba ban ga komai ba. Jiya da yamma ina taya ta sauya kaya sai na ga ƙananan ƙuraje masu ruwa sun jeru kamar ɗamara, daga baya zuwa ƙarƙashin ƙirji. Abin mamaki, gefe ɗaya kawai suka bi, suna kaiwa tsakiya suka tsaya cak.

Dalilin da nake tunanin kantin magani: watan jiya Hassan ya yi ciwon maƙogwaro, na kai shi can saboda na gaji da wannan waya. Masanin magungunan ya haska bakinsa da 'yar fitila, ya taɓa wuyansa, ya tambayi shekarunsa da nauyinsa, ya ba mu farasitamol na ruwa, ya ce a yawaita ba shi abin sha. Na roƙe shi antibayotik ya ƙi. Na fita ina jin haushinsa. Kwana biyar yaro ya warke sarai.

To yanzu na rasa inda iyakar take. Wane ciwo ne na kantin magani, wanne ne na likita? Wannan na Mama ƙurji ne kawai da za a shafa wa mai, ko kuwa?

Mai Sauri

Ƙurajen zafi ne kawai Hajiya. Ki sayo hoda ko man shafawa, kwana biyu sun bushe. Ni rabona da asibiti har na manta.

Mai Farar Riga

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa Mai Sauri, ka yi haƙuri, ƙurajen zafi ba sa zaɓar ɓari ɗaya, kuma ba sa aiko da raɗaɗi kwana uku kafin su fito.

'Yar uwa, harhaɗa magunguna ne aikina. Ba na iya ganin Mama daga nan, amma abin da kika zayyana ya yi kama sosai da ciwon da ake kira shingils. Ƙwayar cutar ƙarambau ce. Wanda ya taɓa yin ƙarambau yana yaro, ƙwayar ba ta barin jikinsa, kwanciya take yi a tushen jijiya shekara da shekaru. Idan girma ya zo ko garkuwar jiki ta yi rauni sai ta farka ta bi jijiya ɗaya har zuwa fata. Shi ya sa kika ga ɗamarar ta tsaya a tsakiya: iyakar inda jijiyar take kaiwa ke nan.

Abin da ya sa na katse abin da nake yi na amsa miki shi ne lokaci. Maganinsa, irin su aciclovir, ya fi aiki idan aka fara shi cikin awa 72 da fitowar ƙurajen. Kin ce jiya da yamma kika gan su, ƙila ma sun riga hakan fitowa. Kwana 16 ba zancensa ake ba. Yau ya kamata wani ya gan ta. Ki tafi da kwalin maganin hawan jininta, kuma idan an taɓa ce mata tana da matsalar ƙoda ki faɗa, domin ana rage adadin maganin saboda haka. A rufe ƙurajen da tufa mai laushi, kada a fasa su. Mai juna biyu da ba ta taɓa yin ƙarambau ba, da jariri, su nisanci wurin, don ruwan ƙurajen yana iya sa musu ƙarambau. Da a ce a goshi ko kusa da ido suka fito, da sashen gaggawa zan ce ki nufa yanzu-yanzu.

A kan tambayarki ta iyaka kuwa, ga yadda nake auna ta a wurin aiki. Mura, tarin 'yan kwanaki, ciwon maƙogwaro, ƙaiƙayin ido, cizon ƙwaro, taurin bayan gida, gudawar kwana ɗaya ga babba mai ƙarfi, ƙwannafin lokaci-lokaci, duk a zo mana da su. Yawancinsu da kansu suke tafiya, namu shi ne mu rage wahala mu kuma tabbatar maganin bai yi karo da wani da ake sha ba. Wannan na biyun mutane ba sa ɗaukarsa a bakin komai, alhali nan ne ake cutuwa. Babba ba ya wuce giram 4 na farasitamol a awa 24, amma sai ka ga mutum ya sha nasa, ya ƙara da maganin mura wanda shi ma akwai farasitamol a ciki, hanta ce ke biyan bashin. Ibuprofen bai dace da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ba, kuma yana iya ɗaga hawan jini. Asfirin ba a ba yaron da bai kai 16 ba.

Amma ciwo ɗaya ne, jiki ne daban-daban. Zazzaɓin da zan ce wa saurayi ya je ya huta, idan a jikin jaririn da bai kai wata uku ba ne kuma zafin ya kai 38, ba na ko buɗe durowa, asibiti nake turawa. Ɗan rauni a ƙafa ba komai ba ne, sai fa a ƙafar mai ciwon suga. Tarin da ya haura mako biyu zuwa uku, ko aka ga jini a majina, ya fita daga hannuna. Ciwon ƙirji mai matsewa, numfashi da ƙyar, baki ya karkace ko hannu ya saki, wuya ya sanƙare tare da zazzaɓi: waɗannan ko layin waya ba a jira.

Shi kuwa abokin aikina da ya hana ki antibayotik, ki yafe masa. Galibin ciwon maƙogwaro ƙwayar cutar bairos ce ke kawo shi, antibayotik kuma bakteriya yake kashewa, wata irin ƙwayar cuta ta daban. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu sanadin ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani. Sayar miki ya fi masa sauƙi da ya sha harara.

Anti Mai Amsa Waya

Ƙanwata, shekara tara na yi ina zaune a irin kujerar matar nan da kika kira, don haka bari in tambaye ki: da aka ɗaga yau, me kika ce mata?

Na san amsar. "Ina son a ba mahaifiyata lokacin ganin likita." Ita kuma ta buɗe jerin guraben yau da kullum ta ba ki na farko da ta gani. A inda na yi aiki jeri biyu ne. Akwai wanda ake cikawa tun makonni kafin ranar, akwai kuma 'yan guraben da ake ɓoyewa don abin da ba zai kwana ba. Ba ni da ikon buɗe na biyun sai an gaya mini dalili. Mutane kuwa suna jin haushi idan muka tambayi abin da ke damunsu, wai mu ba likitoci ba ne. Gaskiya ne, amma mu ne ke rubuta layi ɗayan da likita zai karanta ya yanke wa zai fara gani.

Ki sake kira yanzu, ba sai da safe ba. Ki faɗi shekarunta, ki ce ƙuraje masu ruwa a ɓari ɗaya tun jiya, da zafi mai tsanani tun Asabar, tana kuma da hawan jini. Idan kin riga kin biya ta kantin magani, ki ce masanin magunguna ya gani ya ce a duba ta yau. Wannan jimlar tana buɗe ƙofa. Kuma kada ki raina nas idan ita aka ce za ta gan ta.

Abu ɗaya nake roƙo: wanda ya samu sauƙi kafin ranarsa ya kira ya soke. Ba ranar da ba mu zauna da kujera a wofi ba, alhali da safe mun sallami mutane.

Malam Shiru

Ni dai ina da ja. Mahaifina ya yi kusan shekara yana sayen maganin ƙwannafi a wani shago, duk wata kwalba biyu. Ba wanda ya taɓa tambayarsa tun yaushe. Wandonsa ya yi masa yawa, abinci ya fara tsaya masa a ƙirji, muna cewa tsufa ne. Ranar da aka zura masa na'ura aka duba, likita ya ce da an zo da wuri. Allah ya jiƙansa.

Na yarda akwai irin su Mai Farar Riga. Amma ba duk wanda ke tsaye bayan kanta ne ya karanci magani ba, wani ciniki kawai ya sani. Mara lafiya ta yaya zai bambance?

Mai Farar Riga

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ba ni da abin kare wannan shagon, Malam. Ƙwannafin da ya zama na kusan kullum har mako uku, ko ya zo da rama, ko wuyar haɗiya, ko baƙin bayan gida, na likita ne tun ranar farko.

Ka nemi ganin masanin magungunan da kansa, ka kuma duba ko takardar rajistarsa tana rataye. Sannan ka lura da bakinsa. Idan ya miƙo maka magani bai tambaye ka tun yaushe ba, bai tambayi me kake sha ba, bai gaya maka ranar da za ka wuce asibiti idan ba sauƙi ba, ka ajiye masa kayansa.

Baƙon Sanyi

Ya danganta da dokar inda mutum yake. A Ingila tun 31 ga Janairun 2024 hukumar lafiya ta NHS ta ba kantunan magani damar duba cututtuka bakwai su kuma ba da magani ba tare da takardar likita ba: ciwon maƙogwaro, ciwon kunnen yara, kumburin kogon hanci, cizon ƙwaron da ya ruɓe, wasu ƙurajen fata masu ɓawo da ke yaɗuwa, ciwon mafitsara mai sauƙi ga mata 'yan 16 zuwa 64, sai shi wannan shingils ɗin ga wanda ya kai 18. Sukotland ta riga su, tun 2020. A wasu ƙasashen kuwa sai da takarda. Ki tambaya kafin ki ɗauko Mama, kada ta sha wahalar hanya sau biyu.

Uwar Tagwaye

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti, kamar kina wurin, abin da na ce ke nan kalma da kalma.

Na kai ta kantin da azahar. Masanin magungunan ya shigar da mu ɗan ɗakin da ke gefe, ya ɗaga rigar, bai yi minti ɗaya ba ya ce abin da Mai Farar Riga ya faɗa ne, amma shi ba zai iya ba da maganin ba sai da takarda. Ya rubuta mini abin da ya gani a 'yar takarda. A bakin ƙofar na tsaya na sake kira, na karanta musu. Matar da ta ba ni kwana 16 da safe, muryarta ce dai, ta ce mu zo ƙarfe huɗu da kwata.

An ba ta aciclovir, sau biyar a rana har kwana bakwai. Likita ya ce zafin yana iya daɗewa ko bayan ƙurajen sun bushe, idan ya hana ta barci mu dawo akwai wani magani daban na jijiya. Na saita ƙararrawa biyar a wayata. Mama tana ta mita wai ita ba ta taɓa yin ƙarambau ba, yayarta kuma ta rantse a waya cewa tare suka yi.

Shi gurbin kwana 16 ɗin fa, Anti, in soke ko in bar shi a duba mata hawan jinin?