Kujerun kallon Leafs, ƙungiyar hokin ƙanƙara ta Toronto, na haɗin gwiwa bayan tafiyar ɗan wasanta Marner: in shiga ko in haƙura?

Bakanon Scarborough:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma zuwa Juma'a ake jiran amsata. Wani abokin aikina yana da kujeru biyu na kakar wasa ta 2025-26 a Scotiabank Arena, filin Leafs, can sama a hawa na 300. Cikin wasanni 41 na gida ya ce zai sayar mini da goma a kan dala 3,200, kujerun biyu. Ni da ɗana za mu riƙa zuwa. Shekararsa tara, hokin ƙanƙara ya shiga jininsa.

Waɗanda suka taɓa raba kujeru da wani, yaya kuka yi rabon wasannin? In an kai wasannin neman kofi a Afrilu, tikitin na wa ne? Sai kuma ƙungiyar kanta. Marner ya tafi Vegas, mutumin da ya tara maki 102 a kakar 2024-25, aka ba mu Nicolas Roy. An kawo Maccelli daga Utah, da Dakota Joshua daga Vancouver. Ban raina su ba, amma ko an haɗa su ukun ban ga sun cike gurbin ba. Yaron nan lambar Marner, 16, ce a bayan rigarsa, ranar da labarin ya fito ko abincin dare bai ci ba. Kuɗin kuma cikin waɗanda muke tarawa ne don zuwa Kano a Disamba.

Direban 401:
Wa alaikumus salam. Ni tafiyar Marner ba ta dame ni ba ko kaɗan. A kakar 2024-25 mutum huɗu, Matthews da Nylander da Tavares da shi, suka kwashe fiye da rabin dala miliyan 88 da aka ƙayyade wa kowace ƙungiya don albashin 'yan wasa. Da me za ka sayi 'yan baya? A kakar 2025-26 ƙa'idar ta hau miliyan 95.5, Tavares ya sauko daga miliyan 11 zuwa 4.38 a shekara don ya zauna, Knies ya sa hannu na shekara shida. Koci Berube ƙarti yake so masu ture mutum a gaban raga, da irinsu ya ci kofi a St. Louis a 2019. Shanahan, shugaban ƙungiyar, ma ya tafi. Bana ce shekarar.

Bazazzagin Edmonton:
"Bana ce shekarar." Malam Bakano, ka gaya wa yaronka gaskiya: ranar da Leafs suka ɗaga kofi na ƙarshe, 2 ga Mayu 1967, ba a ma ƙirƙiri jihar Kano ba. Da fam da sule ake cefane. Ka kawo shi Edmonton hutu ya ga yadda ake wasa.

Direban 401:
Ya ga yadda ake kaiwa wasan ƙarshe sau biyu a jere Florida ta kora ku gida?  Tauraronku McDavid ma ɗan Newmarket ne, nan bayan gidanmu.

Kawun Brampton:
Ɗana, ka bar masu wasan nan ka saurare ni, domin abin da kake shirin yi ni na yi shi a kakar da ta wuce, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wani mutum ne da muka yi shekara shida muna gaisawa a wurin aiki. Ya ce wasa goma sha biyu, na ba shi kuɗina cif a watan Satumba, ba takarda ba shaida, don na ɗauka mutunci ya wuce haka. Da aka zo rabo sai ya ce zai riƙa turo mini wata-wata. Duk wasan daren Asabar nasa ne. Montreal tasa, Boston tasa, ranar da McDavid ya zo tasa. Ni Talata da Laraba nake samu, da ƙungiyoyin da ko 'yan garinsu ba sa kallo. Ya kuma lissafa mini wasa biyu na share fage a cikin goma sha biyun, waɗanda rabin 'yan wasan yaran Marlies ne, ƙaramar ƙungiyar Leafs. Na haɗiye, saboda ya yi mini alkawari da bakinsa cewa in an kai wasannin kofi, ɗaya nawa ɗaya nasa.

Zagayen farko na wasannin kofi, da Ottawa, ya ce iyalinsa sun zo daga nesa. Na ce ba komai. Aka shiga na Florida, muka ci biyun farko a gida, bai kira ni ba. Da Matthews ya ci a wasa na shida, mai tsaron raga Woll ya hana su ko ɗaya, a daren ya kira ni ya ce wasa na bakwai naka ne. Na gaya wa 'yata, wadda ta fi ni son ƙungiyar. Ranar Lahadi 18 ga Mayu 2025 muka hau jirgin ƙasa na GO zuwa tashar Union, tana sanye da rigar Nylander. Muka tsaya a bakin ƙofa ina duba waya, tikiti bai shigo ba. Na kira sau tara. Can ya turo saƙo wai an samu matsala. Daga baya wani ya nuna mini ashe tun da safe ya sa su a intanet ya sayar. A tsaye muka kalli wasan a waje, yarinya tana share hawaye tana cewa Baba ba komai.

Ɗan Maraɗi a Montreal:
Kawu, Allah ya ba da haƙuri. Amma a ganina mutumin ya taimake ka bai sani ba. Ci 6 da 1 aka yi, waɗanda ke ciki riguna suka riƙa jefawa kan ƙanƙara. Mu nan kofi 24 gare mu, kuma ba mu manta 2021 ba, kuna gaba 3 da 1 muka zo muka wuce ku.

Kawun Brampton:
Ba maganar ci ba ce, ɗana. Ko ci ashirin aka yi, alkawari na yi wa 'yata. Kai ba ka tsaya a wurin ba.

Direban 401:
3,200 wasa goma, kowace kujera 160 ke nan. Arha ce. Ni wasan Asabar da Montreal na biya 290 a hawa na 300 ɗin, kuma bayan raga.

Uwar 'Yan Biyu (Mississauga):
Arha a ina? Mu mun shiga wasan Talata a Janairu a kan 95 kowace kujera. Awa biyu kafin a fara muka saya, lokacin masu sayarwa sun fara tsoron asara. In Talata za a ba shi kamar yadda aka yi wa Kawu, 160 ɗin cuta ce.

Ɗan Maraɗi a Montreal:
Ku je Ottawa ko Buffalo in Leafs sun je can. Wani abokina ya ce 70 ya biya a Buffalo, kuma rabin filin shuɗi da fari ne.

Uwar 'Yan Biyu (Mississauga):
Buffalo sai mai fasfon Kanada ko bizar Amurka. Ka haɗa da kuɗin mai da na gada da dawowa ƙarfe ɗayan dare da yaro mai makaranta da safe.

Mai Kallon Dare (Kaduna):
Yayana, ni dai ƙungiyar zan yi magana a kai. Matsalar ba Marner ba ce kaɗai. Matthews ya ci 69 a 2023-24, a 2024-25 ya tsaya a 33 saboda rauni. In lafiyarsa ba ta dawo ba, wa zai ci? Nylander ya ci 45, to shi kaɗai? Kuma wa zai riƙa miƙa wa Matthews, tunda Marner ne ke yi? Maccelli bai yi kakar kirki a Utah ba. A raga kuwa, tun da Bennett na Florida ya buge mai tsaron ragarmu Stolarz a ka a wasan farko da su komai ya koma kan Woll, kuma dukansu biyun suna yawan jinya. 'Yan bayan duk sun manyanta, Tanev ya kai 35. Ƙungiyar da ta ci rukunin Atlantic da maki 108 ba ita za ka biya kuɗi ka kalla ba. Kar ka saya.

Direban 401:
Daga Kaduna ake gaya mana kar mu saya? Ƙanena, ka taɓa taka ƙanƙara kuwa, ban da ta cikin zoɓo?

Mai Kallon Dare (Kaduna):
Ban taɓa ba. Shekara huɗu na yi karatu a Winnipeg, can na kamu, na dawo gida ban daina ba. Wasan ƙarfe bakwai naku ƙarfe ɗayan dare ne a nan in sanyi ya shiga, da datata nake kallo har zuwa ƙarshe. Kai da ke kan hanya da fasinja a rediyo kake ji. Wa ya fi wani ganin wasan?

Kawun Brampton:
Ku duka biyun ba ku taɓa raba kujera da kowa ba, kuma abin da ya tambaya ke nan. Ni kaɗai na yi a nan. Har yau mutumin yana wuce ni a wurin aiki yana yi mini sallama kamar ba abin da ya faru.

Bazazzagin Edmonton:
Kawu, mutum ɗaya ya cuce ka, ba duniya ba. Mu huɗu muke raba kujeru a nan shekara uku ke nan. A watan Satumba muke zama da jadawali, mu jefa ƙuri'a, kowa ya zaɓi wasa ɗaya bi da bi har su ƙare. Na kofi ma haka, kuma a rubuce a WhatsApp. Bakano ne dai, ba na jin zai saki 3,200 ba tare da ya nemi ragi sau bakwai ba.

Bakanon Scarborough:
Na gode, wannan ita ce amsa ta farko da ta taɓa tambayata. Kawu, naka ma ya shige ni. Na tambayi mutumin yau, ya ce Asabar biyu zai ba ni cikin goman, na kofi kuwa "sai mun gani". Wani abu kuma da na lura: a Fabrairun 2026 za a tsayar da gasar saboda Olamfik na Italiya, ana dawowa kuma azumi ya kama. In wasannina suka faɗo a nan, buɗa-baki a jirgi za mu yi, tarawi kuma ta wuce.

Kawun Brampton:
"Sai mun gani." Kalmar da aka fara gaya mini ke nan, wallahi.

Uwar 'Yan Biyu (Mississauga):
Malam, tunda ka ce yaron yana wasa, bari in tambaye ka: a wane mataki yake? Domin in na unguwa yake yi yanzu kuma yana da ƙafa, baɗi za a ce ya gwada na zaɓaɓɓu, kuma a nan ne za ka san inda 3,200 take. Mu biyu gare mu. Takalmin ƙanƙara duk shekara ƙafa ta fi shi, ko na hannu ka saya sai an wasa ƙarfensa kowane mako biyu ko uku. Sanda ɗaya ta karye a wasa na uku, 180 ta tafi. Hular kwano ba na yarda da ta hannu. Ga gasa a wani gari, kwana biyu a otal ɗin da ƙungiya ta zaɓa, ba wanda ka zaɓa ba. Atisaye ƙarfe shida na safe ranar Asabar, a mota muke jiran asuba ta yi mu yi salla a wurin ajiye motoci. Ku maza kuna nan kuna lissafin albashin Tavares, mu ke goge gilashin mota cikin duhu.

Ka kai shi Marlies a Coca-Cola Coliseum. Talatin da wani abu muke biya, yara suna kusa da gilashi suna jin ƙarar takalma.

Direban 401:
Hajiya, ni ma ina kai nawa, kar a yi mana kuɗin goro. Amma kin taɓo inda ke mini ciwo. Bara kocin yarona ya ajiye shi a benci kusan duk zango na uku, ɗan mai ɗaukar nauyin rigunan ƙungiya kuwa ba ya sauka. Kuɗi ɗaya muka biya. Da na yi magana sai aka ce akwai dokar jira awa 24 kafin iyaye su yi ƙorafi. Na jira, na rubuta, har kaka ta ƙare ba amsa.

Uwar 'Yan Biyu (Mississauga):
Benci ma da sauƙi. Nawa ɗaya ya fito daga wasa ya yi shiru har gida, sai da dare ya gaya mini abin da wani yaro ya kira shi saboda fatarsa. Alƙalin wasa ya ce bai ji ba, magana ta mutu. Daren nan na zaunar da su na nuna musu Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya ci 625 ya yi kyaftin a Calgary shekara da shekaru. Na nuna musu Kadri da ya kai kofin masallacin London ta Ontario a 2022. Washegari ya ɗauki jakarsa da kansa.

Mai Kallon Dare (Kaduna):
Kadri ɗin da Toronto ta bayar a 2019, ya je Colorado ya ci kofi. Haka za a yi da Marner, ku rubuta ku ajiye. Hajiya, ki ƙara musu da Akim Aliu, a Okene aka haife shi, kuma shi ya fito a 2019 ya faɗi abin da wani koci ya yi masa.

Ɗan Maraɗi a Montreal:
Mu nan ƙari a kan wannan har da yare. Taron iyaye da Faransanci ne, ni ya yi mini daidai, amma maƙwabcina ɗan Sakkwato sai dai in fassara masa a mota. Hajiya, takalman da suka yi wa naku kaɗan, lamba nawa ne? Nawa yana neman lamba uku.

Uwar 'Yan Biyu (Mississauga):
Akwai uku da rabi, ƙafa biyu. Ɗaya igiyarsa ta tsinke amma ƙarfen lafiya lau. Turo mini saƙo ta gefe.

Direban 401:
Wanda ya san inda ake kai ƙarar koci sama da shugaban ƙungiyar unguwa ya gaya mini don Allah. Rajistar bana ta buɗe, kuma an ce shi ne zai sake riƙe su.

Bakanon Scarborough:
Hajiya, na unguwa yake yi, ɗan baya ne. Na zaɓaɓɓun nan nawa kuka kashe gaba ɗaya a shekarar farko, kowane yaro?