Neman shawara: rahoton ɓarnar ruwa da Ingilishi ya gagare ni

'Yar Bagalam:
Assalamu alaikum. Ina aiki da wata ƙungiyar agaji a nan Maraɗi, mu ne masu bi gida-gida muna rubuta ɓarnar da ruwa ya yi. Da Faransanci muka saba, sai bana aka ce a haɗa da na Ingilishi saboda masu ba da kuɗi. Ni kuwa tun da na bar lakwal ban ƙara taɓa Ingilishi ba. Kowane gida na sa masa "destroyed". Shugabarmu ta kira ni ta ce, in duk sun rushe, a ina na zauna na yi wa masu gidan tambayoyi? Kunya kamar in nutse. Don Allah masu sani ku warware mini.

Mushe mai koyar da Ingilishi, unguwar Zariya:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki fara da Hausarki, domin a can kin riga kin san bambancin. Ɗakin da ya tsage, da wanda katangarsa ta faɗi, da wanda ya koma tsibin ƙasa, ai ba ki kiransu da suna ɗaya.

Abin da ya lalace amma zai gyaru, shi ne "damaged", daidai da endommagé. Wanda ya tashi aiki gaba ɗaya, sai an sake sabo, shi ne "destroyed". Tsagewa kuma "cracked". Inda mutanenmu suka fi faɗawa shi ne tsakanin "collapsed" da "demolished". Ginin laka da ya sha ruwa ya zube da kansa, "collapsed" ne, kamar yadda tsohon masallacin nan na Damagaram ya zube a watan Satumba na 2024. "Demolished" kuwa sai da hannun mutum, an kawo katafila ko diga an rushe da gangan. In kika rubuta shi a kan gidan da ruwa ya ci, mai karatu zai ɗauka hukuma ce ta rushe.

Kuma ki kiyaye, ba a ce wa mutum "damaged". Mutum "injured" ne, wato ya ji rauni. Dabbar da ruwa ya ci ta mutu, "drowned".

Ɗan kasuwa mai bin hanyar Ɗan Isa:
Mushe ya gama magana. Ni dai gargaɗi ɗaya: kar ki ɗauki Ingilishin tasha. Daga Jibiya har Kano komai "spoil" ne, mota, waya, har aure. A takarda ki bar shi wa abinci, kamar gero da ya jiƙe a rumbu ya ruɓe.

Wata ɗaliba a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo:
Yaya, akwai tarko biyu da Faransanci ke ɗana mana, ni duka sun kama ni. Muna cewa les dégâts da jam'i, sai hannu ya tafi ya rubuta "damages". To da wannan s ɗin ma'ana ta sauya, ya zama kuɗin diyya da kotu ke yankewa. Ɓarna komai yawanta "damage" ce. Na biyun ya fi muni: sinistrés, wato waɗanda bala'i ya shafa. Na taɓa rubuta "sinister people", malaminmu ya yi dariya har da hawaye, ashe na ce musu mugayen mutane masu baƙar aniya. Ki rubuta "affected people", in sun bar gidajensu kuma "displaced".

Baba, tsohon ma'aikacin gona:
'Yata, ku yara kuna ta gidaje, gonaki fa? Wanda ya san bakin Gulbi ya san ruwan da ya kwanta kwana biyu ya janye daban, wanda ya kwashe shuka da ƙasarta daban. A na farkon, manomi na iya tsira da wani abu. Iyayenmu sun ba mu labarin ambaliyar 1945 da ta sa aka tashi garin daga kwari aka hau tudu, to irin wannan ce ake kira halaka. Mushe, ba ta kalmomin, ni nawa Faransanci ne.

Mushe:
Ranka ya daɗe Baba. Ruwa ya kwanta a gona, "flooded", in ya shanye shukar har ba a ganinta, "submerged". Wanda ya kwashe, "washed away", haka ma gada ko hanya. Irin ta 1945 ita ce ta cancanci "devastated", kalma ce mai nauyi, kar ki kashe ta a kan katanga ɗaya.

'Yar Bagalam:
Allah ya saka da alheri, duk na kwafe a littafi. Saura ɗaya: gidaje da yawa ba ruwa ba ne, iska ce ta yaye musu kwano, ginin yana nan lafiya.

Mushe:
"The roof was blown off." Ki jera su cikin "damaged". In kin gyara, turo shafin farko in duba miki bayan la'asar.