Sauya famfon mai a Land Cruiser mai turbo: sai an sake saitin kwamfuta?

Mai Tambaya daga Makka:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar inji, domin makanikai biyu sun ba ni amsoshi masu karo da juna, ni kuwa ba na son in kashe kuɗi a cikin duhu.

Motata Land Cruiser ce samfurin 2004, mai injin 1FZ-FE, silinda shida, lita 4.5. Na saye ta a Jidda, kuma mai ita na farko ya riga ya ɗaura mata turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ya sa mata manyan injektoci masu fesa mai a inji da kwamfuta ta daban, aka yi mata saiti a kan matsin iska na rabin bar (bar shi ne ma'aunin matsi). Famfon mai, wanda makanikan nan ke kira turumba, shi kaɗai aka bari na kamfani. A cikin gari ba ta taɓa ba ni matsala ba. Amma makonni uku da suka wuce na ɗauki iyali zuwa Ɗa'ifa ta hanyar Hada, da la'asar, kwandishan a kunne, kuma da na taka totur sosai a wani hawa domin in wuce wata mota, sai na ji kamar an riƙe ta ta baya. Agogon da ke nuna gaurayen iska da mai, wanda ya saba tsayawa wajen 11.8 idan na taka, ya haura zuwa 13.5, alamar cewa man ya yi ƙaranci. Nan take na ɗaga ƙafa, muka ƙarasa a hankali.

Makaniki na farko ya ce famfon ya gaji, in sa Walbro 450, famfo mai turo kimanin lita 450 a awa, in manta da zancen, babu ruwan kwamfuta da famfo. Na biyu ya ce duk wanda ya taɓa famfo a mota mai turbo dole ne ya sake barmaja, wato saitin kwamfuta, daga farko, kuma kuɗin da ya yanka mini ya ninka na famfon. Wanne ne ya faɗi gaskiya a cikinsu, kuma wane girman famfo ya dace da wannan injin?

Dattijon Warsha, Jidda:

Wa alaikumus salam, ɗana. Da farko ka gode wa Allah da ka ɗaga ƙafa a kan lokaci, domin gauraye na 13.5 a ƙarƙashin matsin turbo, ga zafi, ga hawa, ga nauyin iyali, shi ne ainihin yanayin da fistin ke narkewa a cikinsa. Kada ka sake taka ta da ƙarfi sai an gano bakin zaren.

Kowanne daga cikin makanikan nan ya riƙe rabin gaskiya. Famfo ba shi ne ke yanke yawan man da ke shiga silinda ba. Abu biyu ne ke yanke shi: tsawon lokacin da kwamfuta ta buɗe injekta, da kuma matsin man da ke bayan injektar. Matsin kuwa aikin regileta ne, wadda ke zaune a kan bututun injektoci, tana barin abin da ake bukata, ta mayar da ragowar tanki ta tiyon komawa. Saboda haka idan ka sa babban famfo amma matsi bai canza ba, injin bai ma san an sauya komai ba, kuma babu dalilin sake saiti. A nan makaniki na farko ya yi daidai.

Inda ya yi sakaci shi ne da ya ɗauka matsin ba zai canza ba. Hanya biyu yake canzawa, kuma na ga duka biyun da idona a warsha, wato gareji.

Ta farko tana fitowa ne lokacin da mota ke silo. A lokacin injin yana shan mai kaɗan, kusan duk abin da famfo ya turo dole ya bi ta cikin regileta ya koma. Regiletar kamfani an yi ta ne daidai da ƙaramin famfo, ƙofarta ƙarama ce, kuma idan man ya fi ƙarfinta sai matsi ya hau. Lissafinsa ba shi da wuya: idan matsi ya tashi daga bar 3 zuwa bar 4, injekta za ta zuba ƙarin kusan kashi 15 cikin ɗari a kowace buɗewa, ko da kwamfuta ba ta ƙara mata lokaci ba. Sai ka ji warin ɗanyen mai a salansa, filogi ya yi baƙi, mota ta riƙa wahalar tashi idan ta yi zafi.

Ta biyu ta fi ɓoyuwa, kuma ita ce ta fi damuna a kan motarka. Ba mu san halin da tsohon famfon yake ciki ba ranar da aka yi mata saiti. Idan tun a ranar matsin yana ɗan faɗuwa a babban gudu, wanda ya yi saitin zai ga mai ya yi ƙaranci, ya ƙara wa injektoci lokaci domin ya cike giɓin, ba tare da ya san famfo yake rufa wa asiri ba. Ranar da ka sa sabo mai riƙe matsi, wannan ƙarin lokacin zai zama mai fiye da kima. Wannan bai kai ƙarancin mai haɗari ba, amma yana rage ƙarfi, yana wanke bangon silinda, yana kuma gurɓata baƙin mai.

Abin da zan ce ka yi shi ne ka ɗaura agogon matsi kafin ka sayi komai. Ka cire ƙaramin tiyon iska daga regileta mota tana silo, ka rubuta abin da ya nuna, wanda ya kamata ya kasance kusa da bar 3. Sannan ka mayar da tiyon, a tuƙa motar wani yana kallon agogon. Ƙa'ida ita ce matsin mai ya hau daidai da matsin turbo, wato idan turbo ya ba da rabin bar, agogon ya nuna 3.5. Ka maimaita wannan awo bayan an sa sabon famfo. Lambobin nan ne za su gaya maka ko kana bukatar barmaja.

Ɗan Rusaifa:

Ina tare da Baba a kan duk abin da ya faɗa, sai dai ina son in ja kunnenka game da 450, domin ni na taɓa saka shi a tawa kuma na ɗanɗana kuɗata. Na bar wayoyin kamfani yadda suke, ban san cewa wannan famfon yana jan amfiya 15 ko fiye idan matsi ya hau ba. Wata rana a cunkoson hanyar Jidda motar ta mutu, da muka ɗaga murfin tanki sai muka tarar soket ɗin ya narke ya yi baƙi, a daidai inda tururin fetur yake. Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi.

Kuma ba ka bukatarsa. Injin turbo mai shan fetur yana cin abin da bai kai rabin lita ba a awa ga kowane ƙarfin doki ɗaya. Ko da mun ƙaddara naka yana ba da doki 350, bukatarsa ba za ta wuce kimanin lita 130 a awa ba. Walbro 255, mai turo kimanin lita 255 a awa, ko da ka cire abin da yake raguwa idan matsi ya hau, yana da rara mai yawa. Duk man da ya wuce bukata zagaye kawai yake yi, ya je kan inji ya ɗauko zafi ya dawo tanki, kuma a garin da zafin bazara ke haura digiri 45 wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda fetur ɗin tankin shi ne ke sanyaya famfon kansa. Shi ya sa ma ba na barin tankina ya sauka ƙasa da kwata.

Idan za ka saka, ka ja waya mai kauri daga batir ta cikin fis da rile (makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa), ka bar tsohuwar wayar ta zama mai kunna rilen kawai. Guntun tiyon da ke cikin tanki kuma dole ya zama irin wanda aka yi domin zama a cikin fetur, mai lambar 30R10, domin na waje yana kumbura ya fashe. Ka kuma lura da inda za ka saya, jabun wannan famfon sun yi yawa a kasuwa.

Direba daga Madina:

Malam, ni ina ganin an yi saurin yanke wa famfon hukunci. Yaushe rabonka da sauya matatar mai? Motar da ta haura shekara ashirin, ƙurar ƙasar nan kaɗai ta isa ta toshe matata da ragar da ke ƙasan famfo, kuma alamar toshewa iri ɗaya ce da ta gajiyar famfo. Ka kuma auna wutar da ke isa famfon kansa inji yana aiki, domin tsohuwar waya tana cinye wuta a hanya. Idan kwamfutarka tana ajiye bayanai, a duba ko injektocin suna wuce kashi 85 cikin ɗari na lokacin buɗewa, domin idan sun kai maƙura babu famfon da zai cece ka. Sannan ina fata fetur mai lamba 95 kake sha, ba mai lamba 91 ba.

Mai Tambaya daga Makka:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi shawarwarinku ɗaya bayan ɗaya, ga abin da na samu.

A silo, tiyo a cire, agogon ya nuna bar 3. Da muka taka har turbo ya kai rabin bar, maimakon ya hau 3.5 sai ya sauka zuwa 2.8. Wutar da ke isa famfo volt 11.6 ce, alhali batir yana nuna 13.9. Yaya na Madina ya yi gaskiya a kan matata, domin da muka juye ta man da ya fito ja ne kamar shayi, amma bayan an sauya ta matsin bai wuce 3.1 ba a ƙarƙashin turbo. Injektoci kuwa ba su kai 80 ba, kuma 95 nake sha tun ranar da na saye ta.

Don haka na sa 255 da sabuwar waya da rile. Yanzu a silo, tiyo a cire, yana nuna 3.1, regileta ta iya da shi, a ƙarƙashin turbo kuma yana tsayawa cak a kan 3.6. Sai dai abin da Baba ya yi hasashe ya tabbata: a babban gudu gaurayen ya sauka zuwa 11.0, ƙasa da 11.8 da na sani. Na nuna wa makaniki na biyu lambobin, ya amince cewa ba sai an sake barmaja daga farko ba, gyaran sashen babban gudu kawai za a yi a kan daino, na'urar gwada ƙarfin mota a gareji, a kan kusan sulusin kuɗin da ya fara faɗa. Mun tsayar da ranar Asabar bayan azahar, kuma na roƙe shi mu yi gwajin da kwandishan a kunne, yadda nake tuƙa ta kullum.