Muhawara: Kiɗan gwaji, a zauren wasa yake ko a faifai?

Malam Habu: Salamu alaikum. Ga maganar da nake so mu baje a faifai: kiɗan gwaji, wato wanda ke gwada sababbin hanyoyin sauti, na makaɗa masu zaman kansu, musamman wanda aka gina kan dogon amo guda da rugugin amfilifaya, a zauren wasa ake jin sa. Abin da ke cikin albam inuwarsa ce kawai. Hujjata lissafi ce. Sauti yana cin mita 343 a daƙiƙa, don haka amo mai kauri na hatiz 40, wato mai kaɗa iska sau 40 a daƙiƙa, tsawon zangonsa ɗaya ya haura mita 8 da rabi. Kafin a tura iska mai yawan haka sai an jera manyan wufa, wato lasifikan amo mai kauri, masu faɗin inci 18. Lasifikar waya ba ta fitar da abin kirki ƙasa da hatiz 200, iyafis kuma ko ya kai amon cikin kunne ba zai kai shi ƙirji da tafin ƙafa ba. Ƙungiya irin Sunn O))) ta Amurka tana jera amfilifayoyin jita bango guda, ta riƙe amo ɗaya na mintuna, kuma rabin abin da take nufi a ƙashi ake jin sa. Jiki ya fi kunne ji.

Hadiza: Wa alaikumus salam, Malam. A kan wannan nau'in na yarda da kai. Amma ka ɗauki reshe ɗaya ka yanke wa bishiya hukunci. Akwai ayyukan da ba su da wani gida sai naɗi, a faifai ko a zaren tef. A 1948 mai tsara kiɗa Pierre Schaeffer yana gidan rediyon Faransa yana haɗa kiɗa da ƙarar jirgin ƙasa da aka naɗa, yana maimaita gutsure ta hanyar rufe tsagin faifai ya zama zobe. Babu makaɗin da zai hau dandamali ya buga wannan, domin naɗin shi ne kayan kiɗan. Haka Steve Reich a 1965: ya ɗauki gutsuren muryar wani mai wa'azi a titi, ya yi zoben tef biyu iri ɗaya masu maimaita gutsuren, ya ɗora kan na'urorin tef biyu. Injinan ba sa gudu daidai da juna, sai zoben ɗaya ya riƙa zamewa gaba kaɗan-kaɗan, kalmomin suka rikiɗe suka zama kari. Sai a 1967 ya rubuta wa masu fiyano biyu su kwaikwayi wannan zamewar da hannu. Ka ga a nan dandamali ne ya koya daga tef.

Malam Habu: Amma da ya kai shi hannun mutane ai ya nuna tef bai ishe shi ba.

Hadiza: Ya nuna dabarar tana da ƙofa biyu. Injin yana zamewa a hankali ƙwarai, ba ya gajiya, ba ya gyara kansa. Mai fiyano kuwa kunnensa yana jan sa ya koma daidai da abokinsa, dole ya yi ta yaƙi da wannan jan. Sakamakon biyu daban ne, kuma kowanne cikakke ne a wurinsa.

Injiniya Bala: Bari in shigo ta ɓangaren ɗaki, domin a nan ne maganar Malam Habu ta fi ƙarfi, a nan ne kuma take da rauni. Kowane ɗaki yana da amon da yake kumburawa. Lissafinsa: raba 343 da ninki biyu na tsawon ɗakin. Ɗaki mai mita 4 zai kumbura amon hatiz 43, da 86, da 129. Idan ka tsaya jikin bango za ka ji waɗannan sun yi yawa, idan ka tsaya tsakiyar ɗakin sai na 43 ya kusa ɓacewa. Mai kiɗan dogon amo yana amfani da wannan da gangan. Ya saki amo biyu masu kusanci, a ce hatiz 110 da 113, sai iska ta riƙa bugawa sau 3 a daƙiƙa, kuma ƙarfin bugun yana sauyawa idan ka taka taku biyu ko ka juya kai. Wannan faifai ba zai iya ba ka shi yadda yake ba, domin makirufo a wuri ɗaya yake tsaye.

Raunin kuwa shi ne, yawancin wuraren da ƙananan ƙungiyoyi ke samu su yi wasa ba don kiɗa aka gina su ba. Bangon siminti huɗu masu kallon juna, rufi ƙasa-ƙasa, gwajin sauti na minti 20 a ɗaki babu kowa. Da jama'a sun cika, jikinsu da tufafinsu sun shanye amo masu kaifi, sun bar masu kauri, abin da aka daidaita da yamma ya rushe. Mawaƙi ya ce a ƙara masa lasifikar gabansa, a ƙara, makirufo ya kama abin da ya fito daga lasifikar ya mayar, sai kuwwa ta tashi. Injiniya ya yanke wannan amon a ikwalaiza, na'urar rage ko ƙara amo ɗai-ɗai, ya yanke na gaba, kafin a ankara an sassaƙe muryar. Wanda ya halarci irin wannan daren bai ji aikin fiye da mai albam ba.

Zainab: Yaya Bala, wannan matsalar wuri ce, ba ta kiɗan ba. Kuma akwai aikin da ɗakin ne ma makaɗinsa. Alvin Lucier a 1969 ya naɗi muryarsa yana karanta ɗan rubutu, ya kunna naɗin cikin ɗakin ta lasifika, ya sake naɗa da makirufo, ya kunna na biyun, ya sake naɗa, haka dai. Kowane zagaye ɗakin yana ƙara wa amon da yake so ƙarfi, yana danne sauran. Bayan zagaye da yawa kalmomi sun narke, sai ƙugin ɗakin ya rage bisa karin maganar. Duk ɗakin da aka yi shi sakamakonsa daban. Haka aikin Terry Riley na 1964 mai gutsure 53, wanda kowane makaɗi yake maimaita gutsure iya son ransa kafin ya wuce na gaba. Albam ɗaya hanya ɗaya ce cikin dubbai. Wanda ya haddace faifan har ya san inda sarewa za ta shigo, ya haddace abin da marubucin bai ƙayyade ba.

Hadiza: Misalin Lucier nawa ne, ƙanwata, ba naki ba. Ba tare da na'urar naɗi ba aikin ba ya ma farawa.

Zainab: Na'ura ce a cikin ɗaki, gaban mutane, suna jin muryar tana narkewa a ɗakin da suke zaune. Wanda ya saurari faifan a gidansa yana jin ɗaki biyu ne a haɗe, na Lucier da nasa.

Tijjani: Ina so a raba faifai da faifai, don ana ta magana kamar abu ɗaya ne. Faifan garmaho mai inci 12 a gudun 33 da sulusi yana ɗaukar minti 20 zuwa 22 a kowane gefe cikin kwanciyar hankali. In ka matsa ya wuce haka, dole mai yankan ya matse tsagi, ya rage ƙarfi da kauri, sai ƙasƙasin faifan ya fito fili. Aikin da yake amo ɗaya ne na awa guda dole a datse shi gida uku, mai sauraro ya tashi ya juya faifai a tsakiyar abin da aka gina don kada ya yanke. Na biyu, amo mai kauri da ya saɓa tsakanin hagu da dama yana sa allura ta yi sama da ƙasa, in ya yi yawa ta yi tsalle ta bar tsagi. Shi ya sa ake tattara masu kauri, galibi daga wajen hatiz 150 zuwa ƙasa, a mayar da su tsakiya. Na uku, a bakin faifai tsagi yana wuce allura da gudun kusan santimita 50 a daƙiƙa, kusa da tsakiya ya sauko wajen 20. Amo masu kaifi suna dusashewa a can, don haka duk wanda ya ajiye waƙarsa mafi ƙara a ƙarshen gefe ya cuce ta.

CD ba shi da waɗannan: minti 74 zuwa 80 a jere, tazarar kusan desibel 96 (ma'aunin ƙarfin sauti) tsakanin shiru da ƙarshen ƙarfi. Ga kiɗan dogon amo ya fi garmaho dacewa nesa ba kusa ba, ko da masu tara faifai ba sa son jin haka. Inda ake asara sosai shi ne fayil da aka matse. MP3 mai kilobit 128 yakan yanke abin da ya haura hatiz 16,000, kuma dabarar matsewar an gina ta ne kan zubar da abin da ake ganin kunne ba zai lura ba. Kiɗan da gaba ɗayansa shuuu ne da tsatsa, ita dabarar ba ta san me za ta zubar ba, sai ka ji kaifin yana rawa kamar ana wasa da ruwa. Sannan dandalin sauraron kiɗa na Spotify yana daidaita ƙarfin waƙoƙi a mataki ɗaya, wajen 14 ƙasa da sifili a ma'aunin ƙara na LUFS, wato albam ɗin da aka yi don ya girgiza ka za a sauke shi ya yi kai ɗaya da na mai jita shi kaɗai. In Malam Habu da wannan yake kwatanta zaure, ya yi gaskiya. In da fayil marar matsi ne a kan lasifika masu kyau, tazarar ta ragu ƙwarai.

Malam Habu: Ta ragu, ba ta rufe ba. Wa zai kunna desibel 105 a gidansa?

Hajiya Rabi: Kada ma ya kunna, Malam, kuma wannan ne abin da ya fi damuna a maganarka. Iyakar da NIOSH, hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta ba da shawara ita ce desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 97 minti 30, 100 minti 15. A 105 bai kai minti 5 ba. Wasan ƙara kuwa yakan ɗauki awa guda ko fiye. Ƙwayoyin gashin da ke cikin kunne in sun mutu ba sa dawowa, kuma ƙugin da mutum ke ji bayan wasa alama ce ta an taɓa su. 'Yan ƙungiyar My Bloody Valentine da kansu an san ana raba matoshin kunne a ƙofar wasanninsu. To ga tambaya: matoshin soso yana danne masu kaifi fiye da masu kauri, sautin ya koma kamar daga bayan ƙofa. Wanda ya toshe kunne da soso, shin ya ji aikin fiye da mai hedifon a gida? Mafita ita ce matoshi mai tacewa irin na makaɗa, akwai mai rage desibel 9, da 15, da 25, yana saukar da komai kusan bai ɗaya. Mai 15 yana mayar da 100 ya zama 85. A kuma nisanci bakin lasifika: a fili, duk ninka tazara yana rage kusan desibel 6, a cikin ɗaki ragin bai kai haka ba saboda bango yana mayarwa.

Malam Habu: Wannan na karɓa, Hajiya, ba gardama. Sai dai matoshi kunne yake karewa, ƙirji yana nan yana jin abinsa, kuma shi ne abin da na ce babu a faifai.

Hadiza: To ga wanda babu a zaure. William Basinski yana da zobban tef da ya naɗa tun farkon shekarun 1980. A 2001 yana kwashe su zuwa naɗin dijital, sai garin ƙarfen da ke jikin zaren ya fara zubewa duk lokacin da ya wuce kan na'urar. Ya bar su suna juyawa yana naɗa, waƙar tana cin kanta, gutsure yana faɗuwa, shiru yana shiga gurbinsa. Sau ɗaya hakan zai faru, domin zaren ya ƙare. Daga baya an rubuta wa ƙungiyar makaɗa su buga shi a zaure, amma su kwaikwayon lalacewa suke, ba lalacewar ba ce. Ko albam ɗin Tago Mago na ƙungiyar Can, 1971: doguwar bugawa ce ba shiri, ɗan ƙungiyar Holger Czukay ya zauna da reza yana yanka tef yana haɗawa. Tsarin da ake yabo a wurin yankan aka yi shi. 'Yan ƙungiyar Talk Talk ma bayan albam ɗinsu Spirit of Eden na 1988 ba su yi yawon wasa da shi ba, saboda an tsince shi ne daga sa'o'i masu yawa na naɗi.

Zainab: Ke nan kowane aiki a tambaye shi inda aka haife shi. Amma naɗin wasan kai tsaye fa, Yaya Bala? Yawancinsu ba sa daɗin ji, kuma su ne suke sa mutane su ɗauka ƙungiyar ba ta iya ba.

Injiniya Bala: Saboda ana ɗaukar su kai tsaye daga miksa, na'urar da injiniya ke haɗa sautuka a kanta. Miksa tana ɗauke ne da abin da ɗakin ya rasa. Ganguna da amfilifayar jita sun riga sun cika ƙaramin ɗaki da kansu, don haka injiniya bai ƙara su sosai ba, murya da kibod ya ɗaga. In ka saurari wannan layin shi kaɗai, murya ce a gaba tsirara, jita can nesa. Waya kuma makirufonta yana cika ya fashe, kuma tana rage ƙarfi da kanta duk lokacin da ganga ta buga. Gyaran shi ne a haɗa biyu. A kafa makirufo biyu masu kama gaba kusa da mazaunin injiniya, sama da kawunan jama'a, tazarar santimita 17 tsakaninsu, a buɗe su digiri 110. A naɗa su a layinsu, layin miksa a nasa, bit 24, a bar ƙololuwa wajen desibel 12 ƙasa da iyaka don ba a san inda ƙarar za ta kai ba. Wajen haɗawa a tuna sautin ɗaki ya makara: kusan milisakan 3 kowace mita, wato makirufo mai nisan mita 15 ya makara da wajen 44. In ba a jinkirta layin miksa da wannan adadin ba, ganga za ta riƙa bugawa biyu-biyu, kaurin kuma ya zama fanko. A nemi bugun ganga ɗaya mai kaifi a farkon naɗin, a daidaita layukan a kansa da ido, sannan a juya fuskar layi ɗaya, wato a kifar da zangon sautinsa sama ya koma ƙasa, a saurara, a bar wanda ya fi kauri.

Malam Habu: Ga masu dogon amo da ba su da ganga fa, a kan me za a daidaita?

Injiniya Bala: A sa wani ya tafa hannu sau ɗaya a gaban makirufon dandamali lokacin gwajin sauti, na'urar tana naɗa, kuma kada a tsayar da ita ko a matsar da makirufon ɗaki har a tashi daga wasan.