Ka Ce Masa "Sake Yi", Sannan Ka Kira Shi Dokumentari?

Sadiq Kawo: Jama'a na kalli ɗan fim ɗin da Abba ya turo jiya na masu zubin tukwane a Panteka, aiki ya yi kyau ba ƙarya. Amma da na ji a bakinsa cewa har sau uku ya sa tsohon nan ya sake zuba narkakken alminiyam a cikin ƙasa sai duk abin ya fita raina. Ni dai a wurina duk fim ɗin da aka ce wa mutum sake yi, to ya tashi daga dokumentari ya koma dirama, a kai shi Kannywood kawai.

Abba: Haba Yaya Sadiq. Na farko batir ne ya mutu ana tsakiyar zubi, na biyu mai kura ya gifta gaban kamara, a na uku aka dace. Kuma Baban nan ko ina wurin ko ba na wurin zubin tukunyarsa yake yi tun safe, to wace ƙarya na shirga?

Ummi: Ni ba zubin ne ya dame ni ba. Yaron da ke juya famfon wuta fa? Ni na riƙe maka makirfo ranar, rigar Chelsea ce a jikinsa sabuwa fil, ka ce ya cire ya sa wata yagaggiya da ke rataye jikin kwano, wayarsa ma ka ce ya ɓoye.

Abba: Shuɗin rigar ne ke ɗauke ido Ummi, kin fi kowa sani.

Ummi: Uhm. Ita kuma yagaggiyar ido take kwantarwa ko?

Malam Idi: Ku tsaya yara, rigimar nan ta girmi kakanninku. A 1922 Robert Flaherty ya fitar da Nanook of the North kan mutanen Inuwit na arewacin Kanada, shi ake yawan kira uban dokumentari. To jarumin fim ɗin ma ba Nanook ne sunansa ba, Allakariallak ne, kuma da bindiga yake farauta amma aka sa shi ya ɗauki mashi don ya yi kama da mutanen da, har aka nuna shi yana cizon faifan garmaho wai bai san ko mene ne ba. Ɗakin ƙanƙarar kuwa rabi aka gina aka bar gefe a buɗe saboda kamarar lokacin ƙatuwa ce kuma tana son haske. Ni rabin ɗakin na yafe, larurar aiki ce, daidai yake da batirin Abba. Amma mashin nan da faifan, su ne yagaggiyar rigarka Abba, an yi wa mutum ƙauyancin da ba shi da shi don mai kallo ya ji daɗi.

Sadiq Kawo: Yawwa Malam, Allah ya ƙara girma. Shi ya sa ni nake son salon su Frederick Wiseman na Amurka, ba muryar mai bayani ba kiɗa ba tambaya, a kafa kamara kamar ƙuda a bango, abin da ya faru ya faru.

Anti Hauwa: Sadiq ƙanena, shekara nawa na yi ina editin a gidan talabijin, bari in gaya maka. A kawo min ɗauka ta awa goma a ce in fitar da minti ashirin, a hirar nan guda ɗaya zan iya mayar da mutum waliyyi, zan iya mayar da shi ɓarawo, ban ƙara masa kalma ko ɗaya ba, kawai inda na yanke da abin da na jona masa, in na ga dama ma in bar shirun da ya yi kafin ya amsa ya yi tsawo sai kowa ya ce ai ƙarya yake shiryawa. Shi Wiseman ɗin watanni yake kwashewa a kan editin, kuma bai taɓa ɓoye cewa shi ke tsara abin ba. Ƙudan naka almakashi gare shi.

Sadiq Kawo: Amma ai ba a ce wa kowa akshan ba Anti.

Anti Hauwa: Kamarar da kanta ita ce akshan. Ka kalli shirin BBC kan 'yan bindigar Zamfara a 2022, kana jin haka suke gyara rawani suna saɓa bindiga in ba kowa? Sun san duniya za ta gani. Har tarar naira miliyan biyar hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, NBC, ta ci Trust TV kan nasu shirin a shekarar, ana ta musu a kan tona asiri ne ko talla aka yi musu.

Malam Idi: Hauwa ta tuna min da majigi. Muna yara motar ma'aikatar yaɗa labarai za ta zo fili da daddare a kafa farin ƙyalle, a nuna manomi mai wayo ya sa taki, sakarai bai sa ba, mai lasifika na ta bayani da Hausa. Duk shiri ne, amma mu a lokacin rantsuwa muke yi gaskiya ce tsagwaronta tunda gwamnati ce ta kawo.

Ummi: Ni abin da ya burge ni a karatunmu Jean Rouch ne, Bafaranshen da ya daɗe yana aiki a Nijar. Shi bai yarda da ɓuya ba, a fim ɗinsa na 1961 da Edgar Morin har nuna wa mutanen hoton kansu suka yi suna gardama a kai, kuma aka bar gardamar cikin fim ɗin. Duk da haka Ousmane Sembene na Senegal ya gaya masa a fuska cewa kallon ƙwari suke wa 'yan Afirka.

Abba: To in shiri haramun ne, The Thin Blue Line fa? Errol Morris 'yan wasa ya sa suka kwaikwayi kisan ɗan sanda a Dallas, fim ya fito 1988, a 1989 aka saki Randall Adams da aka ɗaure a kan laifin da bai yi ba. Kwaikwayo ya fitar da mutum daga kurkuku Yaya Sadiq.

Anti Hauwa: Sai dai shi duk mai kallo ya san kwaikwayo ne, ba a rufe shi ba. Kai wa ka gaya wa zancen riga? Da Ummi ba ta fasa ƙwai ba da har yanzu tausayin yaron nake ji.

Abba: Toh na ji. Ranar Asabar zan koma Panteka in nuna wa Baba da yaron a waya, in sake ɗaukar wajen wutar da rigarsa yadda na same shi. Zubin tukunya kuwa ba zan taɓa ba.

Sadiq Kawo: Ka ga ni, za a sake yi a karo na huɗu kenan. Ina nan a kan bakana.

Ummi: Ka yi addu'a dai Chelsea ta ci wasa kafin Asabar, in ba haka ba ko roƙonsa ka yi ba zai sa rigar ba.