Ɗana bai fara magana ba, surukata ta ce a jira

Maman Sadik, Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana shekararsa 2 da wata 3, ko "Mama" bai taɓa faɗi ba. In na kira sunansa ba ya waiwayowa, ba ya haɗa ido da ni, sai ya wuni yana jera murafan kwalba. Likita ya ce alamun galahanga ne, wato autism, a fara masa horon magana da mu'amala. Surukata kuma ta ce nauyin baki ne, babansa ma ya yi. Kuɗin horon ba kaɗan ba ne. In jira ko in fara? Wallahi barci ya gagare ni.

Anti Binta, Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kar ki jira. A shekarun farko ƙwaƙwalwar yaro ke ƙulla hanyoyinta da sauri, wadda ake yawan bi ta yi ƙarfi, wadda aka bari ta shafe. Yaron da ba ya kallon fuska yana rasa darasin magana kullum, horon shi ke juyo da hankalinsa ga mutane. A 2010 an fitar da binciken su Geraldine Dawson da Sally Rogers a Amurka kan yara 48 'yan wata 18 zuwa 30. Waɗanda aka yi wa horon cikin wasa tsawon shekara 2 sun fi sauran ci gaba a harshe da fahimta. A 2012 gwajin EEG, mai auna aikin ƙwaƙwalwa, ya nuna ƙwaƙwalwar waɗanda aka yi wa horon ta fi motsawa in sun ga fuskar mutum fiye da kayan wasa. Ba warkewa ba ce fa, kuma kowane yaro da irin nasa takun.

Malam Habu, Mile 12: Hajiya, a gwada kunnensa tukuna. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da sashen yara a Oshodi, ki tambaya can.

Maman Hanifa, Alaba Rago: Ni shekara guda na ɓata ina jira, har yau abin na ci mini rai. Ko sau ɗaya a mako kike iya biya, ki zauna ki ga yadda ake yi, ki ci gaba a gida. In yana jera murafan, zauna gabansa ki jera tare da shi, ki riƙe ɗaya kusa da fuskarki har ya ɗago. Ki rage masa waya. Addu'a kuma ba a fasawa.

Maman Sadik: Na gode, Allah ya saka da alheri. To Hajiyar gidanmu fa?

Anti Binta: Ku je asibitin tare, ta ji daga bakin likita.